Waiwaye: Wa Ya Raba Bindigogin da Ke Cin Sudan?

Ranar Asabar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, mutanen Hartum suka wayi gari da rugugin manyan bindigogi a filin jirgin sama da kewayen fadar shugaban ƙasa. Mu a nan abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne 'ya'yanmu ɗalibai, yawancinsu 'yan Arewa, waɗanda aka loda a motocin safa aka nufi iyakar Masar da su, har wasu direbobi suka tsaya da su a tsakiyar hamada suka ce ba za su ƙara gaba ba sai an biya su. Da yaran suka iso gida muka yi hamdala, muka koma kan namu matsalolin. Gidajen rediyo kuma suka ba mu bayani mai sauƙin haɗiya: janar biyu ne ke faɗa a kan mulki, Abdulfatah al-Burhan na sojan ƙasa, da Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti, na rundunar RSF.

Ba ƙarya aka yi ba, guntun labari aka ba mu. Ƙasa ba ta kwana da soja ɗaya ta tashi da biyu. Wani ne ya kafa rundunar ta biyu, ya yi mata doka, ya yanka mata albashi, ya ba ta barikoki a cikin babban birni. Wannan wanin kuwa gwamnatin Sudan ce da kanta, kuma ba gwamnati ɗaya ba. Ta soja ta yi, zaɓaɓɓiya ta farar hula ta yi, wadda ta hau da sunan Musulunci ta yi, kowace ta gaji dabarar daga wadda ta gabace ta, ta ƙara mata gishiri.

Tun kafin a sauke tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1956, an riga an shuka rigimar. Lokacin da ake raba muƙaman da Turawa za su bari, kusan ɗari takwas, waɗanda 'yan Kudu suka samu ba su kai goma ba. Sojojin Kudu suka yi bore a Torit a watan Agusta na 1955. 'Yan siyasar Hartum suka yi alkawarin duba tsarin tarayya don a samu ƙuri'ar 'yan Kudu a majalisa, da aka samu 'yanci suka shure maganar. Yaƙin farko ya ci kimanin mutum rabin miliyan kafin Ja'afar Numairi ya sa hannu a yarjejeniyar Addis Ababa a 1972, wadda ta ba Kudu 'yancin tafiyar da harkokinta. Shekara goma sha ɗaya aka yi ana zaune lafiya. Sai kamfanin Chevron ya gano man fetur a yankin Bentiu a 1978, ido ya buɗe. A 1983 Numairi da hannunsa ya warware abin da ya ƙulla: ya raba Kudu gida uku, ya rushe majalisarta, ya kuma ɗora dokokin shari'a da aka fi sani da dokokin Satumba a kan ƙasa baki ɗaya, har da inda mafi yawan jama'a ba Musulmi ba ne. Wani kanar mai suna John Garang, da aka tura ya lallashi sojojin da suka yi bore a Bor, sai ya bi su daji ya zama shugabansu.

A daidai wannan lokaci fari ya kama Darfur da Kordofan, farin nan da mu ma muka ɗanɗana a ƙasar Hausa a 1984. Gwamnan Darfur na lokacin, Ahmad Ibrahim Diraij, ya rubuta wa Numairi takarda tun ƙarshen 1983 cewa damina ta lalace, in ba a nemo abinci daga waje ba mutane za su mutu. Numairi yana ta tallata Sudan a matsayin rumbun abincin ƙasashen Larabawa, yana neman jarin masu kuɗin man fetur, don haka kalmar yunwa ba ta shiga kunnensa. Diraij ya bar ƙasar. Talakawa suka bar ƙauyukansu suka zo suka zube a bakin Umdurman, a gaban idon gwamnati, kafin a yarda cewa akwai yunwa. Kimanin mutum dubu ɗari suka mutu a Darfur kaɗai. Makiyaya kuwa, Larabawan Baggara, dangin Shuwa da muka sani a Borno, da yawansu suka wayi gari ba ko saniya ɗaya.

A riƙe wannan a zuciya, don daga nan dabarar ta fito. A 1985, bayan an hamɓarar da Numairi, 'yan tawayen SPLA na John Garang suka fara kutsowa kudancin Kordofan. Baitulmali wayam, bashi ya yi katutu, soja ba shi da kayan aiki, kuma shugabanni na tsoron ƙarfafa sojan da gobe zai iya yi musu juyin mulki. Sai gwamnatin riƙon ƙwarya, ta hannun Janar Fadlallah Burma Nasir, ta fara raba wa matasan Baggara na ƙabilun Misiriya da Rizeiƙat bindigogi masu sarrafa kansu. Ba albashi, ba kaki, ba littafin rajista. Albashinsu shi ne abin da suka samo: shanun ƙabilar Dinka da ke kudu da su. Ka ɗauki saurayin da fari ya cinye garken ubansa, ka ba shi bindiga da harsashi, ka nuna masa inda shanu suke, ka ce masu shanun nan magoya bayan 'yan tawaye ne. Ba sai ka ba shi wani umarni ba. Waɗannan su ne aka kira Murahilin. Dā can tsakanin Baggara da Dinka akwai rigimar kiwo da mashaya, amma akwai zaman sulhu na shekara-shekara da sarakunan ɓangarorin biyu ke yi, a biya diyya a wuce wurin. Da bindigar gwamnati ta shiga hannun ɓangare ɗaya, wa zai zauna sulhu da wanda zai iya korewa?

Abin da ya faru a garin Da'in, gabashin Darfur, a ƙarshen Maris 1987, shi ne ya kamata duk mai son fahimtar Sudan ya sani. 'Yan Dinka ne da suka gudo daga yaƙi suke zaune a garin suna ƙwadago. Gungun mutane ɗauke da makamai suka far musu da yamma, suka gudu suka fake a wajen 'yan sanda. Da safe hukuma ta ce za ta fitar da su daga garin ta jirgin ƙasa, aka cusa su cikin taragai. Jirgin bai tashi da su duka ba. Maharan suka zo suka cinna wa taragan katako wuta da mutane a ciki, na ƙarfe kuma aka tura musu wuta da hayaƙi ta kafofi har waɗanda ke ciki suka shaƙe. Malamai biyu na Jami'ar Hartum, Ushari Mahmud da Sulaiman Baldo, dukansu Musulmi 'yan Arewacin Sudan, suka je suka bi diddigi, suka rubuta cewa fiye da mutum dubu aka kashe, an kuma kwashe mata da yara an mai da su bayi. Ba a gurfanar da kowa a kotu ba. Wanda aka tsare shi ne Ushari.

Wa ke mulki a lokacin? Sadiƙ al-Mahdi, firaministan da aka zaɓa a 1986, ɗan boko mai digirin Oxford, tattaɓa-kunnen Mahdi, mai daɗin baki a taron duniya. Baggara kuwa magoya bayan jam'iyyarsa ta Umma ne. Ina jaddada wannan ne saboda masu ganin cewa da an ce dimokuraɗiyya shi ke nan an tsira. A zamaninsa Murahilin suka share arewacin Bahrul Gazal, suka kore shanu, suka ƙone rumbuna, yunwar 1988 ta kashe kimanin mutum dubu ɗari biyu da hamsin. Taragan abincin agaji suka yi watanni a tsaye a tashoshin Kordofan, alhali jiragen da ke kai wa soja kaya suna wucewa. A shekarun da suka biyo baya jirgin Babanusa zuwa Waw ya zama abin tsoro: yana tafiya a hankali, mahaya dawakai na rakiyarsa dama da hagu, duk ƙauyen da ke kusa da layin dogo sai ya watse kafin ya iso. Duk lokacin da 'yan jarida suka tambaya, amsar Hartum ɗaya ce: rikicin ƙabilanci ne na tun kaka da kakanni, gwamnati ba ta da hannu.

Umar al-Bashir ya ƙwace mulki ranar 30 ga Yuni, 1989, da goyon bayan jagoran masu ra'ayin kafa gwamnatin Musulunci, Hasan al-Turabi. Kafin shekarar ta fita ya yi wa dabarar rigar doka, ya kafa rundunar sa-kai ta ƙasa, ya zuba Murahilin a ciki, ya kira yaƙin jihadi. Har a duwatsun Nuba, inda Musulmi ke da yawa, aka samu malaman fada suka ba da fatawar cewa Musulmin da ya goyi bayan tawaye ya yi ridda, aka ƙone ƙauyuka har da masallatansu. Kafin a sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Nairobi ranar 9 ga Janairu, 2005, an yi asarar rayuka kimanin miliyan biyu, miliyan huɗu sun bar gidajensu. Da aka ba 'yan Kudu ƙuri'ar raba gardama a 2011, kusan kashi 99 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa, suka tafi da kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. Kada wani ya ɗauka ina wanke 'yan tawaye. SPLA ta kashe fararen hula, ta ɗebi yara aikin soja, ta saci abincin agaji, kuma da shugabanninta suka samu tasu ƙasar, shekara biyu kacal suka yi suka jefa ta cikin nasu yaƙin basasar a Disamba 2013. Sai dai ɗan tawaye bai yi rantsuwa da Alƙur'ani ko Baibul cewa zai kare ran kowane ɗan ƙasa ba, ba shi ne ke karɓar haraji ba, ba shi ke da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Nauyin da ke kan gwamnati daban ne.

Darfur ta fi kusa da mu ta kowace fuska. Ta nan kakanninmu suka bi a ƙasa zuwa Makka, daga Kano zuwa Borno, zuwa Wadai, su shiga Junaina, su huta a Fashir, su wuce Ubayyid har bakin Bahar Maliya. Ƙasa ce ta Musulmi zalla, ta allo da tawada, mai daular kanta har zuwa 1916 da Turawa suka kashe Sarki Ali Dinar. Tun daga nan aka bar ta a baya, ba hanya, ba asibiti, ba makaranta ta kirki. Ranar 25 ga Afrilu, 2003, 'yan tawayen SLA da JEM suka shiga filin jirgin saman Fashir da asuba a cikin motocin a-kori-kura, suka ƙone jiragen yaƙi a ƙasa, suka tafi da wani janar na sojan sama. Abin ya yi wa gwamnati ciwo. Da yawa daga cikin ƙananan sojojinta 'yan Darfur ne, ba ta amince su harbi 'yan'uwansu ba. Sai ta koma ga tsohuwar dabara. Aka sako Musa Hilal, wani shugaban Larabawa makiyayan raƙuma da ke tsare, aka ba shi kuɗi da makamai ya tara mayaƙa. Su ne Janjawid.

Waɗanda suka tsira daga ɗaruruwan ƙauyukan Fur da Masalit da Zagawa, waɗanda ba su san juna ba, labari iri ɗaya suka bayar a sansanonin Cadi. Da sassafe jirgin Antonov zai zo, jirgin ɗaukar kaya ne ba na yaƙi ba, a buɗe ƙofar baya a gangaro da ganguna cike da albarushi da guntayen ƙarfe, su faɗa duk inda suka faɗa. Sai masu saukar ungulu su biyo da ruwan harsashi. Kafin ƙura ta lafa mahaya dawakai da raƙuma sun kewaye garin, motocin soja na biye da su. A harbe maza, a yi wa mata fyaɗe, a kore dabbobi, a cinna wa rumbunan gero wuta, a sare itatuwan mangwaro, a jefa gawa a rijiya don kada kowa ya dawo. A sansanin gudun hijira kuma, iyali su zauna su yanke shawarar wa zai fita neman itacen girki, su tura mace, don namiji in ya fita kashe shi za a yi, mace kuwa za ta dawo da ranta ko da an keta mata haddi. Makiyayi ba shi da Antonov. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen rikicin ƙabilanci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum dubu ɗari uku sun mutu, fiye da miliyan biyu da rabi sun rasa matsuguni. Hartum ta ce dubu goma ne. Ahmad Harun, ƙaramin ministan cikin gida da ke riƙe da teburin tsaron Darfur a lokacin, daga baya shi aka naɗa ƙaramin ministan harkokin jin ƙai, wato shi ke kula da sansanonin mutanen da aka kora.

A nan akwai maganar da ba ta da daɗi amma dole a faɗe ta. Lokacin da kotun duniya da ke Hague ta ba da sammacin kama Bashir a Maris 2009, da yawa a ƙasar Hausa sun tsaya a bayansa, a majalisun hira da kan mumbari, ana cewa makircin Yahudu da Nasara ne a kan shugaban da ya kafa shari'a. Zargin cewa kotun ta fi sa ido a kan Afirka yana da ƙamshin gaskiya, kuma waɗanda suka rusa Iraƙi ba su da bakin yi wa kowa wa'azi. Amma waɗanda aka jefa gawarsu a rijiya masu salla ne, wasunsu mahaddata. Martanin Bashir ga sammacin shi ne korar ƙungiyoyin agaji goma sha uku da ke ciyar da mutanen Darfur, wato ya huce a kan talakan da ba shi ya kai shi ƙara ba. Kuma ba za mu ce ba mu sani ba: a Abuja aka yi zaman sulhun Darfur har aka sa hannu a Mayu 2006, kuma sojojinmu bakwai na cikin dakarun Tarayyar Afirka da 'yan tawaye suka kashe a Haskanita a Satumba 2007.

Hemeti ɗan wannan makaranta ne. Falken raƙuma ne da bai yi nisa a boko ba, ya shiga Janjawid a 2003. A 2007, da aka daina biyan yaransa, ya ja su ya yi wa gwamnati bore, ya yi barazanar afka wa Niyala. Me aka yi masa? Aka biya bashin albashi, aka ba shi babban muƙamin soja, aka ba danginsa kujeru. Darasin da ya koya ke nan, kuma bai manta ba: a Sudan bindiga ce ke kawo ƙarin girma. A 2013 Bashir ya tattara mayaƙan ya ba su sabon suna, RSF, ya sa su ƙarƙashin hukumar leƙen asiri. A 2017 majalisar dokoki ta yi musu doka ta musamman, suka koma ƙarƙashin shugaban ƙasa kai tsaye. A ƙarshen shekarar Hemeti ya kama tsohon maigidansa Musa Hilal, ya mallake ma'adinan zinariya na Jabal Amir, kamfanin danginsa ya riƙa fitar da zinariya zuwa Dubai. Aka kuma yi hayar dubban yaransa ga Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa su yi musu yaƙi a Yaman, kuma hafsan da ya kula da wannan aiki ta ɓangaren soja shi ne Burhan, wanda shi ma ya yi aiki a Darfur a shekarun ƙone-ƙonen. Bashir ya ɗauki Hemeti garkuwarsa, ba don tsoron 'yan tawaye kaɗai ba, har don tsoron sojansa na kansa. Mutum ne ya ɗauko ɗan kura ya raina don ya yi masa gadin garke, yana murna kura ta fi kare ban tsoro.

Da farashin burodi ya ninka uku a Disamba 2018, zanga-zanga ta tashi daga Atbara ta game ƙasa. Ranar 11 ga Afrilu, 2019, janar-janar ɗin suka sauke Bashir, garkuwar tasa na cikinsu. Ranar 3 ga Yuni, ana jajibirin ƙaramar salla, aka far wa matasan da ke zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja, aka kashe fiye da ɗari, aka tsamo gawarwaki daga kogin Nilu an ɗaura musu bulo a ƙafa. A ranar mutanen Hartum suka ga abin da mutanen Darfur suka shekara goma sha shida suna faɗa ba a saurare su ba. Sojan ƙasa na kallo ta cikin shinge, ƙofarsu a rufe. Burhan da Hemeti suka ci gaba da tafiya tare, tare suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta firaminista Abdallah Hamdok ranar 25 ga Oktoba, 2021. Abin da ya raba su shi ne ranar da aka ce a narkar da RSF cikin soja: Burhan ya ce cikin shekara biyu, Hemeti ya ce goma. Lokacin yana da mayaƙa kusan dubu ɗari da kuɗin da ba ya bi ta baitulmali. Wa zai karɓe bindiga a hannun irin wannan?

Ko kafin yaƙin ya ɓarke, 'yan'uwanmu Hausawan Sudan sun ɗanɗana abin da ke faruwa idan hukuma ta zama 'yar kallo. Zuriyar mahajjata ne da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, irin jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Mai Wurno kusa da Sinnar ke ɗauke da sunansa. Guminsu na cikin abin da ya raya gonakin audugar Jazira. A Yuli 2022, a jihar Shuɗin Nilu, neman da suka yi a ba su masarautarsu ya zama rikicin ƙasa da 'yan asalin yankin, aka kashe fiye da mutum ɗari, a Oktoba kuma aka sake kashe kusan ɗari biyu a yankin Wad al-Mahi. Janar-janar ɗin na Hartum suna lissafin kujera.

Abin da ya biyo bayan Afrilu 2023 kowa ya ji. A Junaina, masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce an kashe tsakanin dubu goma zuwa goma sha biyar, yawancinsu Masalit. Gwamnan jihar, Khamis Abbakar, ya yi hira da gidan talabijin yana cewa ana yi wa jama'arsa kisan ƙare dangi, bayan 'yan sa'o'i aka kama shi aka kashe. Mayaƙan RSF suka tare a gidajen mutane a Hartum, suka wawashe Wad Madani. Fashir ta shekara ɗaya da rabi a kewaye, har mutane suka koma cin tunkuzar gyaɗa da ake ba dabbobi, kafin ta faɗi a Oktoba 2025 a yi kisan da har tauraron ɗan'adam ya hango alamunsa. Fiye da mutum miliyan goma sha biyu sun bar gidajensu, rabin al'ummar ƙasar na fama da yunwa. Abin da ya riƙe rayuka da yawa shi ne tukwanen unguwa da matasa 'yan sa-kai ke dafawa da gudummawar 'yan'uwa na ƙetare, su ma ɓangarorin biyu na kama su.

RSF ce ta fi ɗaukar alhakin wannan ta'asa, babu ja. Ƙasashen waje ma sun zuba mai a wutar: ana zargin Daular Larabawa da kai wa RSF makamai ta gabashin Cadi, ita kuma tana musantawa, Masar da wasu na bayan soja. Amma baƙo ba ya shiga gida sai ya ga ƙofa a buɗe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gwamnatin Burhan ba ta sauya hali ba ko kaɗan. Jiragenta sun yi ta zuba bama-bamai a kasuwanni. Ta rufe mashigar Adre ta kan iyakar Cadi wata da watanni a 2024 alhali mutane na mutuwa a sansanin Zamzam, da masana suka tabbatar da yunwa kuma ta ce ƙarya ne, irin amsar Numairi shekara arba'in baya. Sannan ga ta tana raba wa fararen hula da ƙungiyoyin ƙabila da na aƙida bindigogi da sunan gwagwarmayar jama'a. Abu Aƙla Kaikal, wanda ya jagoranci RSF a Jazira, ya sauya sheƙa a Oktoba 2024, aka yi masa afuwa, aka bar shi da mayaƙansa, bayan wata uku aka zarge su da kashe ma'aikatan gona a ƙauyukan jihar. Ana yaƙin kawar da Hemeti ɗaya, ana renon wasu goma.

Kuma me ya sa ba za a maimaita ba, tunda kusan ba wanda ya taɓa biya? Fiye da shekara ashirin bayan ƙone Darfur, mutum ɗaya tak kotun Hague ta samu da laifi, Ali Kushaib, kwamandan Janjawid, a Oktoba 2025, shi ma don ya miƙa kansa ne. Bashir ba a miƙa shi ba. Ahmad Harun ya fice daga kurkukun Kobar a makon biyu na yaƙin, ya koma siyasa.

Ba na cewa Najeriya Sudan ce. Amma duk wanda ya san Zamfara da Katsina da Sakkwato ya san yadda 'yan sa-kai suka fara da niyyar kare gari, yadda aka riƙa kashe Fulani a kasuwa ba shari'a, da yadda ramuwar gayya ta ƙara wa 'yan bindiga mabiya. A Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga su kare kansu, wato hukuma ta ɗaga hannu. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaronta a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024, ga 'yan kato-da-gora a Borno tun 2013. Na san dalilin, kuma ba zan iya kallon mutumin da aka sace wa mata da 'ya'ya in ce masa ya jira 'yan sandan da ba za su zo ba. Da yawa cikin waɗannan matasa sun ba da rayukansu. Za a ce ai su da doka aka kafa su, suna da kaki da albashi. RSF ma majalisa ce ta yi mata doka.

Don haka ina kira ga 'yan majalisun jihohinmu, da sarakuna, da malaman da ake jin maganarsu: ku sa gwamnoni su fito su faɗa wa jama'a adadin bindigogin da aka raba da sunan wanda ke riƙe da kowace, su nuna mana kotun da za ta saurari Bafulatani ko Bahaushen da ɗan rundunar ya kashe wa ɗa ba da hakki ba, su kuma faɗi tanadin da aka yi wa waɗannan matasa ranar da gwamnati ta sauya ko albashi ya tsaya. Mai karatu, in ɗan majalisarku ya zo gida hutun ƙarshen mako, ka tare shi da waɗannan tambayoyi, kada ka bari ya sallame ka da kuɗin mota.